Farfesa Kalibu Gado Tsibiri da Ƙauyen da Ya Ƙi Faɗin Sunansa

Haihuwa da asali

An haifi Kalibu Gado a garin Tsibiri, kusa da Maraɗi, a cikin damina ta shekarar 1947. Mahaifinsa, Gado, manomin hatsi ne kuma mai yasar rijiya, yana cikin mutanen farko da suka karɓi addinin Kirista a garin. Mahaifiyarsa, Tasalla, tana saƙar faifai tana kaiwa kasuwar Maraɗi. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne ya yi nisa a karatun boko. Dangin mahaifinsa kusan duka Musulmi ne, saboda haka ya tashi yana cin tuwon Sallah a gidan baffanninsa, su kuma suna zuwa cin na Kirsimeti a gidan Gado, ba tare da wani ya ɗauki abin a matsayin abin mamaki ba.

Karatu

A shekarar 1954 aka sa shi a makarantar mishan ta Tsibiri, inda ya fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Malamansa sun shaide shi da ƙwazo, sun kuma shaide shi da yawan tambaya irin wadda ke sa malami ya duba agogo. Ya wuce sakandare a Maraɗi a 1960, daga nan ya tafi lise, wato babbar sakandare, a Yamai, inda ya ci jarrabawar bakaloriya a 1967. Gwamnati ta ba shi tallafin karatu zuwa Dakar, aka rubuta masa falsafa, amma a shekararsa ta biyu ya karkata zuwa ilimin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a, wato fannin da ke nazarin yadda idon mutane ke sauya abin da mutum yake faɗa da abin da yake aikatawa. Ya kammala digirinsa na farko a 1971, ya dawo gida aka ba shi aji a wata sakandare a Maraɗi. Mahaifinsa ya rasu bai taɓa gane sunan abin da ɗansa ya karanto ba, kuma idan an tambaye shi sai ya ce yaron ya je ƙasar Sanagal ne ya koyo kallon mutane.

Aure

A watan Disamba na 1972 ya auri Rahila, 'yar Malam Barnaba na Jiratawa, wadda ta koyi aikin ungozoma a asibitin mishan. An ɗaura auren a majami'ar Tsibiri, suka kama haya a Maraɗi. Wajibi ne a ambaci sunanta tun daga nan, domin rabin abin da duniya ta san Kalibu Gado da shi ta hannunta ya shigo, kuma shi da kansa bai taɓa musanta haka ba.

Fari da aikin rabon tsaba, 1973 zuwa 1975

Daminar 1973 ba ta yi ba. Hatsi ya bushe tun bai fitar da kai ba, rumbuna suka ƙare kafin tsakiyar rani, dabbobi suka riƙa faɗuwa a bakin rijiyoyi. A farkon 1974 wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta ɗauki Kalibu a matsayin tafinta, ta ɗauki Rahila don duba mata da yara. A watan Afrilu na wannan shekara sojoji suka karɓi mulkin ƙasa, kuma batun yunwa na cikin manyan dalilan da suka bayar, saboda haka rabon tsaba ya zama abin da kowa ke sa wa ido.

Dawar da ƙungiyar ke da ita ba ta kai yawan ƙauyukan ba, dole sai an zaɓa. Jagoran ayarin, wani Bature mai kyakkyawar niyya, ya ɓullo da wata dabara da ya ga tana da sauƙi: idan sun iso ƙauye da yamma, sai a hau saman kamyo, wato babbar motar kaya, a duba gidaje. Inda aka ga hayaƙi na tashi aka kuma ji ƙarar daka, an san akwai sauran abinci, sai a bar su sai zagaye na biyu. Inda aka ji shiru, nan ake sauke buhuna. Da wannan ma'auni suka bi ƙauyuka masu yawa a kewayen Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, kuma Kalibu da kansa ya sha hawa kamyon yana ƙirga hayaƙi.

A watan Mayu suka wuce wani ƙauye da kusan kowane gida ke hayaƙi, taɓare na tashi suna sauka kamar ana shirin biki. Da suka komo bayan wata guda, sai suka tarar an binne yara da tsofaffi da yawa. Rahila ta shiga wani gida neman ruwan sha, ta ga tukunya a kan murhu tana tafasa, uwargidan kuma ta kawar da kai. Irin ta ungozoma, ba ta nemi izini ba, ta ɗaga faifan da aka rufe tukunyar da shi. Ruwa ne zalla. Ta leƙa turmi ta tarar da ƙaiƙayi da yashi. Matar ta kama hannunta ta roƙe ta kada ta gaya wa maƙwabta, domin a saninta duk unguwar gidanta ne kaɗai ya kai wannan hali.

Da Rahila ta shiga gida na biyu da na uku ta ɗaga faifai, abin da ta gani ke nan, kuma kowace mace roƙo ɗaya ta yi mata. Nan Kalibu ya gane cewa ma'aunin da suke aiki da shi ya hana abinci ga mutanen da suka fi kowa jin kunyar a ga yunwarsu. Ya shawo kan jagoran ayarin aka sauke dawa a kowane gida tiya ɗaya ɗaya ga kowane kai, ba tare da an tambayi kowa halin da yake ciki ba, kuma babu gidan da ya mayar. Bayan haka ya nemi izinin dattawan ƙauyen ya zauna da su ya fahimci lamarin, shi yana magana da maza a zaure, Rahila tana magana da mata a cikin gida.

Dattawan sun amince bisa sharaɗi ɗaya, kuma wannan sharaɗi ne ya mallaki sauran rayuwarsa. Babbansu, wanda Kalibu ya ba sunan aro na Idirisa a rubuce-rubucensa, ya kira shi Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce masa: “Mushe, yunwa za ta wuce, amma zambo ba shi wucewa. In anka san garinmu, jikokinmu ba su shiga kasuwa ba a ce ga ɗiyan masu dahwa ruwa ba, kuma wa za shi ba su mata?” Suka nemi ya rantse. Ya gaya musu cewa a tarbiyyar addininsa ba a rantsuwa, i ɗinsa ita ce i. Dattawan suka yi shawara a tsakaninsu, sannan Idirisa ya ce sun karɓi bakinsa. Tun daga ranar bai taɓa rubuta sunan ƙauyen a kan takarda ba, ko a cikin bayanansa na aiki.

Digirin digirgir da maƙalar 1979

A ƙarshen 1975 ya sami gurbin karatu a wata jami'a a kudancin Faransa, ya tafi da iyalinsa, ya kammala digirin digirgir a 1979. A wannan shekara wata mujallar ilimi ta buga maƙalarsa mai shafi ashirin da shida, wadda ma'anar sunanta da Hausa ita ce “Hayaƙi da Turmi: Yadda Maƙwabta ke Ɓoye wa Juna Yunwa”. A cikinta ya nuna cewa gidaje arba'in da ɗaya daga cikin hamsin da takwas na ƙauyen sun riƙa ɗora ruwa a wuta ko daka turmin da babu hatsi, kuma kusan kowannensu ya yi imani cewa shi kaɗai ke yi. Ya bayyana cewa hayaƙin kowane gida shi ke tilasta wa maƙwabcinsa hura tasa wutar, har gari duka ya zama yana yaudarar kansa alhali babu mai nufin yaudara. Ya kuma kawo hujja cewa mutum ya fi karɓar taimakon da aka ba kowa da kowa a kan wanda sai ya fito ya nuna kansa. Ƙauyen kuwa ya kira shi Ƙauye na Tara, lambar da ya ce ya zaɓe ta ne don ba ta nufin komai.

An fassara maƙalar zuwa Ingilishi a 1982, daga nan ta kama hanya. Kalibu kuwa ya dawo gida tun 1980, ya fara koyarwa a jami'a a Yamai.

Fari na biyu da kiran hukuma, 1984 zuwa 1988

Da damina ta sake ƙi a 1984, ƙungiyoyin agaji suka riƙa kafa hujja da maƙalar a rahotanninsu, suna cewa adadin mayunwata ya fi wanda hukuma ke bayarwa, tun da akwai masu ɓoyewa. Wannan bai yi wa masu mulki daɗi ba. A farkon 1985, yana hutu a Maraɗi, wani hafsan soja mai muƙamin kapiten ya aika aka zo da shi ofishinsa, ya buƙaci sunan Ƙauye na Tara, domin a kawo mai garin gidan rediyo ya faɗa da bakinsa ko mutanensa sun taɓa dafa ruwa. Wanda ya yi tafinta a ofishin a wancan lokaci ya ruwaito amsar da Kalibu ya bayar: “Ranka shi daɗe, in sunka zo sunka ce ƙarya ce, kun sa dattawa yin ƙarya gaban duniya. In sunka ce gaskiya ce, kun tuɓe su a kasuwa. Ban ga wadda zan kai su gare ta ba.”

An tsare shi kusan mako biyu, ba a doke shi ba, amma da aka sake shi sai umarni ya zo daga sama cewa an ɗauke shi daga jami'a an mayar da shi wata ƙaramar sakandare a gabashin ƙasar. Shekara uku ya yi a can yana koyar da Faransanci ga 'yan aji ɗaya, ba ɗakin karatu, ba izinin fita taro a waje, kuma a jerin ayyukansa babu ko maƙala ɗaya tsakanin 1985 da 1988. Abokan karatunsa sun wuce shi a muƙami a wannan tsakani. Rahila ta zauna a Maraɗi da yara tana aikin ungozoma, kuma a lokacin ne suka fara ginin gidansu a unguwar Zariya.

Ayyukan ilimi da tasirinsu

An mayar da shi jami'a a ƙarshen 1988, ya zama farfesa a 1997. A tsawon aikinsa ya wallafa maƙalu sittin da uku da littattafai huɗu, uku da Faransanci, ɗaya da Hausa wanda ya rubuta don ma'aikatan lafiya na karkara. Ya yi nazari a kan kunya tsakanin surukai, da yadda jita-jita ke tayar da farashin hatsi a kasuwar Maraɗi, da zaman Kirista da Musulmi a gida ɗaya, da kuma, a shekarunsa na ƙarshe, yadda 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, ke yarda da fasinjan da ba su sani ba. Ɗalibai goma sha tara ne suka yi digirin digirgir a ƙarƙashinsa, kuma ta farko a cikin matan ita ce Dakta Safiyatu Sha'ibu, wadda ta gaje shi a sashensa na jami'a.

Gaskiyar lissafi ita ce maƙala ɗaya ta rinjayi sauran duka. Zuwa shekarar 2012 masu bincike sun ambaci “Hayaƙi da Turmi” fiye da sau dubu biyu da ɗari uku, alhali sauran ayyukansa gaba ɗaya ba su kai ɗari tara ba. An kafa hujja da ita a binciken magidantan Turai da aka sallama daga aiki amma suke fita kowace safiya da jakar ofis, da na ɗaliban jami'a masu ɓoye cewa ba su ci abinci ba, da na manoman Indiya da na Kudancin Amurka. Ta shiga littattafan koyarwa, kuma hukumomin agaji da dama sun daina zaɓen gidaje da ido sun koma raba wa kowa saboda ita. Ba duk masu ambatonta ne suka karanta ta ba. Akwai wanda ya rubuta cewa a Najeriya aka yi binciken, akwai wanda ya mayar da turmin ganga, kuma Farfesa yakan karanta wa ɗalibansa irin waɗannan a aji yana dariya har da hawaye. Duk da haka yana alfahari da adadin, ba ya ɓoyewa, domin a ganinsa kowane ambato shaida ce cewa abin da ya faru a wancan ƙauye bai tafi a banza ba.

Ya yi ritaya a 2010, ya koma gidansa na Zariya, yana noma gonar mahaifinsa a Tsibiri, yana kuma cikin dattawan majami'a.

Shakka a kan maƙalar, 2013 zuwa 2014

A 2013, a lokacin da masana wannan fanni suka shiga sake tantance tsofaffin bincike bayan an kama wasu da ƙirƙirar sakamako, wasu masu bincike biyu daga Turai suka rubuta cewa babu hanyar tabbatar da maƙalar 1979. Ba su ce ƙarya ba ce. Sun ce ba a san ƙauyen ba, babu sunan kowa, babu wanda zai iya komawa ya tambaya, kuma bai kamata fanni guda ya jingina a kan maganar mutum ɗaya da matarsa ba. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma Farfesa ya amsa haka a rubuce. Mujallar ta ba shi zaɓi biyu: ko ya faɗa wa wani kwamiti na mutum biyar sunan ƙauyen a asirce su aika a bincika, ko a liƙa gargaɗi a saman maƙalar cewa ba a iya tabbatar da ita ba.

Dakta Safiyatu ta taso daga Yamai musamman ta same shi a gida. Ta tuna masa cewa dattawan da ya yi wa alƙawari duk sun rasu, cewa shekara kusan arba'in ta wuce, cewa aikin rayuwarsa ne da na ɗalibansa ake shirin shafa wa baƙi. Babban ɗansa Ezra ya goyi bayanta, har suka yi kwanaki ba sa doguwar magana da mahaifinsa. Ita ce ta ruwaito abin da ya ce mata: “Ɗiyata, da suna da rai da na tai na roƙe su su sake ni. Sun mutu, wa za shi sake ni? Kuma kwamitin nan, in sunka aika mutum da mota ya tsaya bakin rijiya shina tambayar wa ya dahwa ruwa, wane asiri ya rage?”

A watan Maris na 2014 aka liƙa gargaɗin. Ambaton maƙalar ya faɗo daga kusan ɗari da hamsin a shekara zuwa ƙasa da arba'in, littattafan koyarwa biyu suka cire ta a sabon bugu, kuma wata lambar yabo da aka riga aka sanar da shi cewa yana cikin waɗanda ake dubawa ta wuce shi shiru. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai yi kamar bai yi ba. Ya rame a wannan shekara, ya daina karɓar gayyatar taro, ya ce ba zai tsaya gaban yara suna kallonsa suna tunanin ko maƙaryaci ne ba. Amma ko sau ɗaya ba a ji ya ce da ya sani ba. Wani gidan rediyo mai zaman kansa a Maraɗi ya yi shiri da Hausa a kan lamarin, ta haka labarin ya isa ƙauyuka cewa Turawa sun matsa wa Mushe Kalibu ya faɗi sunan wani gari ya ƙi.

Rasuwa da jana'iza

Farfesa Kalibu Gado ya rasu a gidansa na unguwar Zariya a Maraɗi ranar 9 ga Nuwamba, 2019, bayan jinyar ciwon zuciya, yana da shekara saba'in da biyu. An yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar Tsibiri washegari, aka binne shi a maƙabartar Kirista ta garin kusa da mahaifinsa. Musulmin da suka raka gawar sun fi Kiristan yawa.

A kwanakin zaman makoki, ban da 'yan uwa da malaman jami'a, wasu tsofaffi suka riƙa zuwa daga karkara, wasu a amalanke, wasu a bayan kabu-kabu, mutum biyu ko uku daga gari ɗaya. Kowace tawaga, bayan ta yi gaisuwa a waje, sai ta nemi a yi mata iso wurin uwargida a keɓe. Abigail, babbar 'yarsa, da Dakta Safiyatu suna zaune kusa da Rahila, suka ji abin da na farko ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa: “Uwar Ezra, mun ji abin da anka yi mishi saboda mu. Ya ruhe muna asiri, Allah shi ruhe nashi.” Rahila ta ce alƙawari ne ya ɗauka, ta yi musu godiya, suka tafi. Da yamma wasu suka zo daga wani gari dabam suka faɗi kusan wannan magana, ta ba su wannan amsa. Kafin a tashi daga makoki, ƙauyuka bakwai ne suka aiko, dukkansu daga cikin waɗanda kamyon agaji ya bi a 1974, kuma kowannensu ya tabbata a ransa cewa shi ne Ƙauye na Tara.

Ƙauye ɗaya Farfesa ya zauna a cikinsa, ɗaya ya rubuta. Aƙalla shida daga cikin bakwai ɗin sun zo godiya ne a kan asirin da shi kansa bai san suna da shi ba. Hujjar da masana suka nema shekara shida ta zo da ƙafarta, ta zauna a tabarma, ta sha ruwa. Dakta Safiyatu ta ce ta kwana biyu tana tunanin rubuta wa mujallar, sai ta ga cewa ba za ta iya wanke malaminta ba sai ta kira sunan gari bakwai a inda shi ya ƙi kiran ɗaya, saboda haka ba ta rubuta ba. Gargaɗin yana nan a saman maƙalar har yau.

Ya rasu ya bar matarsa Rahila, da jikoki goma sha huɗu, da 'ya'ya biyar: Ezra, injiniyan ruwa a Yamai, Abigail, malamar makaranta a Maraɗi, Na'omi, ma'aikaciyar jinya a Tsibiri, Barnaba, ɗan kasuwar hatsi, da auta Atika, wadda aka sa wa sunan gwaggonsa, tana karatun likita. Babu ɗaya daga cikinsu da ya san sunan ƙauyen.